Daƙiƙa Goma-Goma

Shekarata tara ina aiki a ma'ajiyar magunguna, amma ban taɓa ɗaga kwali ko ɗaya ba. Ni ne mutumin kwamfuta. Ofishina wani ɗan lungu ne tsakanin ɗakin sanyi da ɗakin buga takardu, babu taga, sai fanka mai kuka da wayoyin da suka sarƙe a ƙarƙashin tebur. Injiniya ake ce mini, ko da yake ban karanci injiniyanci ba. In firinta ta yi gardama, Injiniya. In wayar Manaja ta cika da hotunan jikoki, Injiniya. Har ƙwan lantarki an taɓa kirana in canza, kuma na canza.

Abu ɗaya nake tinƙaho da shi a wurin nan, manhajar rabon kaya, wadda na rubuta da hannuna a shekarata ta farko. Ƙananan asibitoci suna aiko da buƙatunsu tun safe, ƙarfe uku a rufe karɓa. Daga nan manhajar ta ɗauka: ta duba abin da ke cikin sito, ta fara fitar da maganin da wa'adinsa ya kusa, ta raba kaya mota-mota, ta buga sitika ɗaya ga kowane kwali. Can a ƙarshe sai ta fitar da takardar jimla. Sai an duba wannan takarda an sa hannu, an kulle kejin magunguna masu haɗari, sannan aikin ranar ya ƙare. Da yaren kwamfuta na Python na rubuta ta, wanda mu 'yan sana'ar muke wa laƙabi da Mesa. Yare ne mai sauƙin rubutu da sauƙin karatu, amma an san shi da nawa, kuma ba ƙazafi aka yi masa ba.

Lokacin da na rubuta ta, minti goma ya ishe ta. Sai asibitoci suka yi ta ƙaruwa, kwalaye suka tashi daga sittin suka haura ɗari shida, ita kuma ta yi ta ƙara nauyi kaɗan-kaɗan kamar mutumin da ya samu aikin zama. A bana sai biyar saura kwata take gamawa. Babu wanda ya tuna ranar da abin ya koma haka. In baƙo ya ga firinta ta fitar da sitika ɗaya ta yi shiru, sai masu ɗaura kaya su ce masa, "Tunani take yi."

Mai sa hannu a takardar jimla mutum ɗaya ce, Antin Sito. Ita kaɗai ke da lasisin riƙe makullin kejin. Mataimakiyarta an yi mata canjin wurin aiki shekara biyu da suka wuce, kuma har yau ana duba batun. Anti ta haura hamsin, tabarau rataye a wuya, makullai a aljihun farar riga, ba ta ɗaga murya ko da kwali ya faɗi ya fashe. Ta ba ni shekara goma sha wani abu, kuma tun zuwana take aiko mini da shayi a fulas duk ranar da ta lura na manta da cikina.

Wata ranar Talata ta shigo lunguna, abin da ba ta saba ba. Ba ni da kujera ta biyu, sai ta tsaya riƙe da ƙofa.

"Injiniya, alfarma nake nema."

"Faɗi, Anti."

"Ka san jikin maigidan."

Na sani. Sati uku kafin nan ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa na kafinta, ɓarin dama ya shanye. Ƙafar ta fara dawowa, hannun ne ya ƙi.

Ta ce, "Likita ya ce a riƙa kai shi gashin ƙashi a asibiti sau uku a sati. Wai wata shidan farko su ne komai, abin da hannun bai dawo da shi ba a cikinsu, da wuya ya dawo. Su kuma masu gashin huɗu da rabi suke daina karɓar mutane. In na bar nan huɗu saura, zan je gida in ɗauko shi mu samu shiga."

"Ba wanda zai kai shi?"

"Yaran duk ba sa gari. Shi kuma ka san halinsa, ba zai yarda wani ya riƙe shi a titi ba sai ni. Na nemi layin safe, ya cika, kuma da safen ni nake buɗe wa motoci keji." Ta gyara tabarau. "Ba yadda za a yi abin nan naka ya ɗan yi sauri?"

Abin nan naka. Ba da wata manufa ta faɗa ba, amma sai da na ji ta a ƙirji. Na gyara zama na yi mata bayanin da ba ta tambaya ba. Na ce Mesa layi-layi yake karanta umarni yana fassarawa, kamar mai karatu yana bi da yatsa, alhali wasu yarukan suna fassara komai tun kafin a fara. Na ce halinsa ne, ba a raba shi da shi. In ana son sauri sai an sake rubuta manhajar daga tushe da wani yare, aikin wata uku a ƙalla, kuma kuskure ɗaya zai iya kai maganin wani ga wani. Ta saurara har na gama, har da gyaɗa kai a wuraren da suka dace.

"To, Allah ya ba da iko," in ji ta. "Ka dai duba mana."

Don Allah kada a ce ban yi komai ba. Washegari na hau sama wajen Manaja, mutumin da ke sauraron magana yana sa hannu a wata takardar daban.

"Tana aiki ko ba ta aiki?"

"Tana aiki, Yallaɓai, sai dai…"

"To ka ƙyale ta. Ranar da ka taɓa ta aka kai maganin yara asibitin ido, ni za a kira, ba kai ba."

Batun Anti kuwa, ya ce ya tausaya ƙwarai, amma doka ba ta yarda a sa hannu a takardar da ba ta fito ba. Abin da zai iya shi ne ranar Alhamis, da buƙatu ba su da yawa, in an gama da wuri ta kama hanya ba sai ta jira lokacin tashi ba. Haka sau uku a sati ya koma sau ɗaya, kuma ba kowace Alhamis ba.

Na dawo lunguna na buɗe manhajar. Na je kai tsaye wurin da ake lissafin rabo, don nan nake zargi, na gyara wurare biyu, na rage daƙiƙa huɗu. Ban auna komai ba. Me zan auna, bayan na riga na san mai laifi?

Sai na ce bari in tambayi duniya. Akwai wani dandali a intanet da masu rubuta manhaja ke taruwa, na shiga a lokacin hutun rana, burodi a hannu ɗaya. Na rubuta cewa ina da manhaja da yaren Mesa, tana cin awa ɗaya da minti arba'in da biyar, ina neman shawarar yadda za ta yi sauri. Allah ya sani da zuciya ɗaya na rubuta. Kafin in gama burodin amsoshi sun fara shigowa, kuma ta shida daga wani ce mai kiran kansa Walƙiya, da hoton motar tsere a gefen sunansa.

Ya rubuta, "Ka hau kunkuru ka zo kana tambayarmu hanyar sauri. Ka jefar da abin wasan yaran nan ka koyi yaren manya."

Da na kashe wayar a nan, da babu wannan labarin. Amma shekara tara nake ci da yaren nan, da shi na yi aure, da shi na sa yara a makaranta. Ni ina da damar zaginsa, kamar yadda mutum ke zagin tsohuwar motarsa, amma ban ba baƙo wannan damar ba. Na goge hannu a wando na mayar masa da amsa. Na ce abin da zai kwashe wata uku yana rubutawa da yarensa, ni sati biyu ya ishe ni, kuma wanda ya gaje ni zai iya karantawa ba tare da ciwon kai ba. Na rufe da jimlar da har yau nake tuna daɗin rubuta ta: lokacin mutum ya fi lokacin inji tsada. Mutum ɗari biyu suka danna mini alamar yabo. A wurin aiki, cikin shekara tara, ban taɓa samun yabon mutum biyu a rana ɗaya ba.

Daga nan aka ɗaura. Walƙiya ya kawo jadawali: lissafi iri ɗaya, yarensa daƙiƙa ɗaya, Mesa daƙiƙa saba'in. Na ce wannan lissafi ne da ba wanda ke yi a aikin gaske, sai marasa aikin yi. Ya ce irinmu ne ke ƙone wutar lantarkin duniya a banza. Na ce irinsu ne ke rubuta abin da in ya faɗi sai a kwana uku ana neman inda ya karye. Wani ya shigo ya ce ai duk wani aiki mai nauyi da Mesa ke yi, da yaren su Walƙiya aka gina shi a ƙasa, don haka mu 'yan haya ne. Na ce to mun gode wa magina, su ci gaba da ɗaukar siminti. Can wasu suka ɓullo da wani sabon yare suka ce da ni da Walƙiya duk tsofaffi ne, mu koma gefe. Ranar ce kaɗai muka tsaya a sahu ɗaya ni da shi, washegari kuma muka koma gidan jiya.

Tambayar da na shiga da ita tun a sati na farko ta nutse. Babu wanda ya ƙara maganar manhajata, har ni.

Matata malamar makaranta ce, ta saba da yara masu faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata safiya ina buga amsa da yatsu biyu ta zo ta taɓa kofina ta tsaya a kaina.

"Abban yara, shayinka ya huce. Wa ya taɓa ka?"

"Wani ne."

"Ka san shi?"

"A'a."

"Ya san ka?"

"A'a."

"To in ka kayar da shi me za a ba ka?"

"Ba za ki gane ba."

"Haka ne," in ji ta, ta ɗauke kofin. "Ni dai na gane ka sa riga a bai-bai."

Kada wani ya ɗauka daɗi nake ji. Bayan wata na farko babu sabuwar magana, tsofaffin ne muke ta juyawa. Na san abin da zai ce kafin ya ce, shi ma ya san nawa. Idona yana zafi, wuyana yana ciwo, nakan rantse a cikin bas da safe cewa yau ba zan leƙa ba, kafin a kai tasha ta uku na leƙa. Na gaji da shi, na gaji da kaina, amma barin kalmar ƙarshe a hannunsa ya fi ƙarfina. Kuma in za a faɗi gaskiya, faɗan yana sa ni jin kamar ina wani abu game da matsalar.

Anti kuwa, kullum daga uku da rabi tana kan kujerar roba a gefen firinta, jakarta a kan cinya, mayafi a kafaɗa, a shirye. Firinta ta tofo sitika ta yi shiru, ta tofo ta yi shiru. Na koyi zagayawa ta bayan ɗakin sanyi in zan je banɗaki, don kada mu haɗa ido. In mun yi kiciɓis in ce, "Anti, ya mai jiki?" ta ce, "Da sauƙi." Kowa haka yake cewa, ni kuma na zaɓi in yarda.

Sau biyu ta tambaye ni. Na farko na ce ina kai. Na biyu na ce, "Har masana na ƙasashen waje na tuntuɓa, Anti, muna ta tattaunawa."

"Allah sarki. Sannu da ƙoƙari."

A wata na huɗu ta daina tambaya. Ta kuma daina fitowa da jakar, sai ta bar ta a loka, ta zauna gefen firinta tana cike wasu takardun. Na lura da haka, kuma abin da na ji sauƙi ne a raina. Ban tambayi dalili ba.

A wata na biyar Walƙiya ya tuno da asalin maganar, ba don taimako ba, don ya ƙure ni. Ya rubuta, "Ina manhajar nan taka mai awa biyu? Turo ta. Ranar hutu ɗaya zan sake rubuta ta da yarena, in ta wuce minti ɗaya na bar dandalin nan har abada. Ko tsoro kake ji?" Mutane suka yi ca, kowa na cewa a turo.

Ba zan iya tura manhajar wurin aiki ga baƙo ba. Amma na ga hanyar rufe masa baki. Zan auna kowane sashe, in nuna masa da alƙaluma cewa lissafin rabon yana da nauyi a karan kansa, ko da wane yare aka rubuta shi. Akwai ɗan abin awo da ake maƙala wa manhaja, ya riƙa rubuta daƙiƙa nawa kowane sashe ya ci. Kyauta ne, kuma maƙala shi bai ɗauke ni minti biyar ba. Ranar Litinin ƙarfe uku na sa shi, na zauna ina jira, har ina shirya kalmomin da zan yi amfani da su.

Biyar saura kwata sakamako ya fito. Duba kayan sito, daƙiƙa goma sha ɗaya. Lissafin rabo, wanda na ɗora wa laifin duniya, daƙiƙa ashirin da bakwai. Sai layi na ƙarshe: jira, awa ɗaya da minti arba'in da uku.

Na karanta sau uku. Jiran me? Na bi sawu har wani ɗan fayil mai kula da bugawa, wanda ban buɗe ba tun shekarata ta farko, don bai taɓa ba ni matsala ba. A tsakiyarsa ga layi ɗaya yana umartar manhajar ta dakata daƙiƙa goma bayan kowace sitika. A samansa ga bayanin da na bar wa kaina, da irin rubutuna na lokacin da nake da ƙarfin gwiwa: "Firintar nan tana shaƙewa in an matsa mata, a ba ta daƙiƙa goma ta huta. Zan cire in an sayi sabuwa."

An sayi sabuwa shekara shida da suka wuce. Ni na fitar da ita daga kwali, ni na haɗa ta, har hoto aka ɗauke ni da ita.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni kunya. Abu na farko da na ji ba nadama ba ce, murna ce. Mesa ba shi da laifi! Daƙiƙa talatin da takwas kacal! Na jawo waya, na fara rubuta wa Walƙiya cewa ya zo ya ga kunkurun da yake rainawa. Na kai layi na uku sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Anti ce, makullai a hannu.

"Injiniya, na kulle. Sai da safe."

"Allah ya kai mu, Anti."

Na ji takunta har ƙarshen baranda. Ban ƙarasa rubutun ba. Sai na koma sama, can farkon tambayata, na bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya. Amsa ta huɗu, kafin ta Walƙiya, daga wani ce marar hoto, marar laƙabin burgewa: "Ka auna kuwa, ka ga inda lokacin yake tafiya?" Na tuna na karanta ta a ranar. Na wuce ta ne saboda babu zagi a ciki. Ƙasa kaɗan kuma ga jimlata mai yabo ɗari biyu, lokacin mutum ya fi lokacin inji tsada. Wata biyar ina maimaita ta, kuma duk lokacin da na ce mutum, kaina nake nufi.

Da yamma na tarar da matata a tsakar ɗaki tana duba littattafan ɗalibai. Na zauna na faɗa mata komai, ta ajiye jan biro ta saurara. Sannan na kawo shawarar da na ƙulla a cikin bas: in cire layin a ɓoye, in ce bincikena na wata biyar ne ya yi nasara. Manaja zai yaba, Anti za ta samu lokacinta, babu wanda zai cutu.

"Wata nawa likitan ya ce?" ta tambaya.

"Shida."

"Nawa suka wuce?"

"Biyar da wani abu."

Ta ce, "Mutumin da ba ka sani ba ka ba shi wata biyar. Ita ka ba ta minti biyar ka faɗa mata gaskiya. In kuma ba za ka iya ba, kada ka ƙara shan shayinta."

Walƙiya ya jira ni kwana biyu, sannan ya sanar da dandali cewa na gudu. Aka yi masa tafi. Ban mayar da amsa ba, kuma sama ba ta faɗo ba.

Shi kuwa layin, washegarin awon da safe na goge shi. Danna maɓalli ɗaya ne. Na gwada da takardun banza, firinta ta yi ta zubo su ba ko tari. Ƙarfe uku aka rufe karɓar buƙatu, na tashi manhajar, na fito na tsaya a ƙofar ɗakin bugawa, karo na farko cikin watanni. Sitika suka riƙa fitowa a jere har suna zubewa ƙasa. Masu ɗaura kaya suka taru suna ihu, "Yau ba tunani! Injiniya ya ba ta magani!" Wani ya bubbuga mini kafaɗa. Yanzu firinta kaɗai ake jira ta gama zubo sitika ɗari shida, uku da minti goma sha tara takardar jimla ta fito.

Anti ba ta yi ihu ba. Ta sa tabarau, ta ɗauki takardar, ta ƙirga sitikun mota ta farko da hannu, sannan ta uku, sannan ta ƙarshe. Ta shiga keji ta gwada lambobi biyar da kwalayensu. Sai da ta gamsu ta sa hannu, ta kulle, ta jijjiga kwaɗon yadda ta saba. Masu ɗaura kaya suka watse, aka bar mu mu biyu.

"Masanan naka ne?" ta ce.

Ga ƙofa a buɗe, in na ce e shi ke nan. Na ce, "A'a, Anti. Ni ne." Na faɗa mata batun tsohuwar firinta, da daƙiƙa goman, da bayanin da na bar wa kaina na manta. Na ce ba yaren ba ne, bai taɓa zama yaren ba. Na ce da na auna tun ranar da ta shigo ofishina, da a ranar an gama.

Ta cire tabarau ta bar shi ya faɗa kan ƙirjinta.

"Layi ɗaya?"

"Layi ɗaya."

"Kuma minti nawa ya ɗauke ka?"

"Awon, biyar. Gogewar ba ta kai ɗaya ba."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar yadda take yi in an kawo kaya ba su cika ba. Na so ta yi faɗa. Na so ta ɗaga murya sau ɗaya a rayuwarta, ta kai ni gaban Manaja, ta yi wani abu da zan iya ɗauka in tafi da shi. Ba ta yi ba, sai ta jawo kujerar roba ta zauna.

Na duba agogo. "Anti, uku da rabi yanzu. In kin tashi za ku samu shiga. Bari in tare miki mota, ni ma zan bi ku in taimaka. Ai akwai sauran kwanaki."

"Zauna, ƙanena."

Babu kujera, sai na zauna a kan wani kwali.

"Sun ba wani gurbinsa tun watan jiya. In ka yi fashi sau uku a jere haka suke yi, kuma ban ga laifinsu ba, mutane na jira. Na roƙa a mayar da shi layi, shi ya ce a bari. Ya ce ya gaji da shiryawa tun azahar, ya zauna da takalmi a ƙafa yana kallon ƙofa." Ta shafa gwiwarta. "Ya sayar da kayan shagon. Hannun ya lanƙwashe, ba ya buɗuwa sai na buɗe shi na wanke."

"Anti, ki yafe mini."

"Na ji," in ji ta. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. "Ya koyi ci da hagu. Da farko sai na fita daga ɗakin yake ci, yanzu ya saba da ni."

Ta tashi ta buɗe loka, ta ɗauko jakarta, ta yafa mayafi ba tare da gaggawa ba. A bakin ƙofa ta juyo.

"Kai da kake shiga intanet ɗin nan, an ce akwai wani cokali mai kaurin mariƙi da ake yi wa irinsu. In ka ga inda ake samu ka gaya mini. Har yanzu yana zubar da miya a riga, kuma abin yana ɓata masa rai."

Na ce zan duba.

"Yau," in ji ta.